Filin Tambayoyinku: Yara da Aikin Sa Kai a Gidan Zu

Assalamu alaikum masu karatu. Dogon hutu ya matso, saƙonnin wannan watan kusan duk kan abu ɗaya suka zo, yara na neman abin yi, iyaye kuma na neman inda za su tura su kar su wuni a kan waya. Da yawa zancen gidan zu suka kawo, shi ya sa na ware filin gaba ɗaya a kansa.

TAMBAYA: Salam Malama, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne ɗan SS2 a nan Kano, shekarata 16. Ina yawan kallon bidiyo a YouTube na yaran Amurka sa'annina da suke aikin sa kai a gidan zu lokacin hutu, har riga iri ɗaya ake ba su. Ni wallahi tun ina ƙarami nake son dabbobi, ina da tattabaru da zomaye a gida, babban burina in riƙa ba zaki abinci. Don Allah ya zan yi in samu irin wannan a gidan zu namu, kuma wa zan gani?
Ɗalibi daga Gwale

AMSA: Wa alaikas salam ɗana, Allah Ya yi albarka. Bari in fara da zakin don kar ka tafi da shi a rai. Babu gidan zu mai hankali da zai miƙa wa ɗan shekara 16 nama ya ce je ka ba zaki, ko a Amurka ko a ko'ina. Su kansu yaran da kake kallo, in ka sake duba bidiyon da kyau za ka ga yawancin aikinsu da mutane ne. Sai ka gan su tsaye a bakin tebur da ƙwaryar kan dabba ko gashin tsuntsu ko ɓawon ƙwan jimina suna yi wa baƙi bayani, ko suna taimaka wa ƙananan yaran da aka kawo, in ma sun taɓa dabba to akuya ce ko tunkiya ko zomo. Galibi daga shekara 13 ko 14 ake ɗaukar su zuwa 17, sai an cika fom, an yi musu tambayoyi, iyaye sun sa hannu, sannan a horar da su kafin su fara.

To mu dawo gida. Gidan zu na Kano tun farkon shekarun 1970 aka kafa shi zamanin Gwamna Audu Bako, sunansa ma wurin yake ɗauke da shi, kuma hukumar gwamnatin jiha ce take kula da shi. Ka ga ke nan ofishin gwamnati ne, shi kuwa ofishin gwamnati da takarda yake aiki. In ka je bakin get ka ce wa mai tikiti kana son aikin sa kai, ba shi da ikon ce maka e ko a'a, ƙarshenta ya ce ka dawo gobe. Abin da za ka yi, ka nemo abokanka huɗu ko biyar masu irin ra'ayinka, ku sami malaminku na bayoloji ko na aikin gona, shi zai kai ku wurin firinsifal, a rubuta wasiƙa a takardar makaranta zuwa ga shugaban hukumar. A cikin wasiƙar a sa sunayenku da shekarunku, ranakun da za ku riƙa zuwa da awannin, malamin da zai tsaya muku, sannan a haɗa da takardar amincewar iyayen kowa da sa hannunsu. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku riƙe. Bayan mako guda malamin ya koma ya bibiya. Yaro shi kaɗai nauyi ne a kan ma'aikata don in wani abu ya same shi su za a tambaya, amma yara biyar da malami da wasiƙar makaranta, wannan abu ne da shugaba zai iya sa wa hannu hankalinsa kwance.

Sai babban abin, kar ku rubuta "muna son taimakawa" kawai ku yi shiru. Ku faɗi aikin da za ku yi. Ni a ganina aikin da gidajen zu namu suka fi buƙata, kuma wanda matashi ya fi kowa iyawa, shi ne tsayawa tsakanin dabba da 'yan kallo. Duk wanda ya taɓa shiga gidan zu ranar yawon Sallah ya san abin da nake nufi. Je ka wurin kada ka tsaya. Kadan yana kwance a gefen ruwa, baki buɗe, ko ƙifta ido ba ya yi, sai wani yaro ya ce ai na roba ne, wani ya ce matacce ne, kafin ka ankara an fara jifansa da tsakuwa da robar lemo don a ga ko zai motsa, wani lokacin ma uban yaron ne zai fara jifan. Alhali kada jikinsa ba ya haɗa ɗumi da kansa irin namu, sai ya fito ya sha rana, in zafin ya yi masa yawa sai ya buɗe baki ya huce, kwanciyar nan da ake gani lafiyarsa ce. In akwai yaro mai ladabi a wurin da zai ce "Baba don Allah a bar jifa, da ransa, hutawa yake, ku dubi maƙogwaronsa za ku ga yana motsi", wallahi mutum goma za su sunkuya suna duban maƙogwaron, jifan ya tsaya. Haka wurin zaki, mutane na buga ƙarfen keji suna ihu wai ya tashi, ba su san zaki ko a daji mafi yawan awannin yini a kwance yake ba. Wurin birai kuwa ya fi ko'ina, biskit da ledarsa, cingam, alawa, ledar fiya wata, har sigari akwai mai miƙawa. Dabba in ta haɗiyi leda toshe mata ciki take yi, duk mai kiwon awaki a birni ya san wannan.

Bayan wannan akwai tsince leda da shara a hanyoyin da baƙi ke bi, akwai ban ruwan shuke-shuke, akwai rubuta allunan bayani. Allunan nan ina so ku ba su muhimmanci. Ku rubuta sunan dabba da Hausa, da boko da ajami, inda take rayuwa, abin da take ci. Yaranmu da yawa sun san sunan raƙumin dawa da Turanci amma ba su iya bambance gwanki da barewa da gada ba, gauraka ma sai a hoto.

Abu na ƙarshe, ka sayi littafin rubutu mai kauri. Ka zaɓi dabba ɗaya, ka zauna nesa da kejinta rabin awa, duk bayan minti biyu ka rubuta abin da take yi, ci ko kwanciya ko susa ko kai-kawo. Masu binciken dabbobi a jami'a haka suke farawa. In ka ga kura tana bin layi ɗaya tana zuwa tana dawowa ba tsayawa har ƙasar wurin ta zama hanya, alamar ƙunci ce, ka rubuta. Kai da kake kiwon tattabaru ai ka san yadda mara lafiya take takurewa ta tayar da gashi ta ƙi cin abinci, idon nan shi za ka kai can. Amma abin da ka gani mai kula da dabbar za ka faɗa wa, cikin girmamawa, ba ka ɗora a Facebook ba. Dattawan nan masu wanke keji wasu sun fi shekara ashirin suna yi, ka gaishe su, ka riƙe musu bokiti in sun yarda, abin da za ka koya a bakinsu babu shi a littafin makaranta.

TAMBAYA: Malama ina wuni. Ɗana ne ya dame ni da zancen zuwa gidan zu aikin sa kai shi da abokansa, ni kuma gaskiya gabana faɗuwa yake, muna jin labarin zaki ya kashe mutum. Ga cututtuka, ga kuma najasa, yaro zai dawo min gida da kayan da ya shiga cikin kashin dabbobi ya ce zai yi sallah. Mahaifinsa ya bar min zaɓi. Ki ba ni shawara tsakani da Allah.
Wata uwa daga Hotoro

AMSA: Lafiya lau Hajiya, kuma tsoronki yana kan hanya, ba zan ce miki babu haɗari ba. A watan Oktoban 2019 zaki ya kuɓuce a gidan zu na Kano sai da aka rufe wurin kafin a samu a mayar da shi keji. A Fabrairun 2024 zaki ya kashe ma'aikaci a gidan zu na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, mutumin da ya yi shekaru yana kula da zakunan, sannan a Satumbar shekarar aka sake yin irin haka a Abekuta lokacin ba da abinci. Allah Ya kyauta. Amma ki lura da abu ɗaya, waɗanda abin ya rutsa da su manya ne ƙwararru da aikinsu ya kai su cikin wurin dabbar, kuma a lokacin ciyarwa ne. Saboda haka sharaɗinki na farko, kuma ki sa a rubuta shi a takardar amincewar da za ki sa wa hannu, shi ne ɗanki ba zai tsallake shingen da aka yi wa 'yan kallo ba, ba zai riƙe makullin keji ba, ba zai je bayan keji lokacin ciyarwa ba ko da wani ma'aikaci ya ce zo ka gani. In ya tsaya inda kowane baƙo ke tsayawa, haɗarinsa bai wuce na wanda ya sayi tikiti ba.

Ni abin da na fi jin tsoro ma ba zaki ba ne, biri ne. Zaki kowa na shakkarsa, biri kuwa ana ganin abin wasa ne a miƙa masa hannu, shi kuma yana cizo yana yakushi. In hakan ta faru, ko ɗan ƙarami ne ciwon, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana kamar minti 15, a wuce asibiti a ranar, a faɗa musu biri ne don su duba zancen allurar haukan kare da ta tetanus. Kar a tsaya shafa toka ko man birki, kar a ce bari a ga gobe. Ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jiki ba a cika tashi ba, amma allura a kan lokaci tana tare shi.

Sauran kuwa tsafta ce. Kunkuru da ƙadangaru da macizai suna ɗauke da ƙwayar cuta mai sa gudawa da zazzaɓi ko da su lafiyarsu ƙalau, don haka wanke hannu da sabulu kafin cin komai wajibi ne. Murar tsuntsaye tun 2006 ta shigo Nijeriya kuma tana dawowa lokaci lokaci, in kuna da kaji a gida takalmin da ya je da shi kar ya shiga da shi akurki, in ya ga mataccen tsuntsu kar ya ɗauka, ya kira ma'aikaci. Ki ware masa kaya guda na zuwa can, takalmi rufaffe ba silifa ba, hula, gorar ruwa, safar hannu in zai tsinci shara. Ranar da yake tari ko mura ya zauna a gida, don birai suna ɗaukar cutar mutane, har tarin fuka. In kuma yana da asma ko sikila to ki fara jin ta bakin likitansa, ƙurar ciyawa da gashin tsuntsu da tsayuwa cikin rana ba kowane yaro ke jurewa ba.

Zancen najasa kuwa, a mazhabar Malikiyya da muke bi duk abu mai rai tsarkakakke ne a jikinsa, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta kamar akuya da barewa ma ba najasa ba ne, na wadda ba a ci shi ne najasa, kuma wanki yana gusar da shi. Tunda aikinsa a wajen keji ne da wuya ma ya haɗu da shi. Ya tafi da jallabiya a jaka don sallar azahar, in ya dawo ya cire kayan aikin ya yi wanka. In kina son ƙarin bayani malamin Islamiyyarsu zai warware miki. Ni dai da ɗana ne, in an cika sharuɗɗan nan kuma na ga malamin da zai tsaya musu ido da ido na karɓi lambarsa, zan bar shi ya je.

TAMBAYA: Malama ni mace ce, ina SS3, likitar dabbobi nake son zama amma ƙawayena dariya suke min wai likitar shanu. Na ji an ce in mutum ya yi aikin sa kai ana ba shi satifiket da zai taimaka masa wajen samun gurbi a jami'a, gaskiya ne? Kuma mace za ta iya?
Ɗaliba daga Zariya

AMSA: 'Yata za ki iya mana, mata suna karanta fannin kuma suna aiki da shi, ki bar ƙawayen nan su yi dariyarsu. Amma kar wani ya ruɗe ki da zancen satifiket. A Amurka ne jami'o'i ke duba irin ayyukan da ɗalibi ya yi a wajen aji, a nan gurbi da makin JAMB da sakamakon WAEC ko NECO da jarrabawar tantancewa ake samunsa. Turanci da bayoloji da kemistiri da fizis za ki rubuta a JAMB, karatun kuma shekara shida ne. Kina SS3, don haka littafinki shi ne gaba da komai, aikin sa kai sai bayan kin ajiye biro.

Amfaninsa a wurinki daban ne, zai nuna miki tun yanzu ko za ki iya jure wari da jini da ganin dabba na shan wahala, gara ki sani kafin ki shiga aji ɗaya. Kuma ke da kike Zariya ba sai kin nemi gidan zu ba, jami'ar Ahmadu Bello tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa nan kusa da ke. Ki roƙi malamarku ta rubuta a ba ku izinin ziyara ku 'yan mata uku ko huɗu, ko ku nemi wani asibitin dabbobi na gwamnati ku riƙa zama kuna kallo kuna taya rubuta kati. Da rana, a ƙungiya, da sanin gida. Bayan Zariya akwai jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da jami'ar Maiduguri, duk suna koyar da fannin. In maki bai kai ba kar ki ce shi ke nan, akwai kwalejin lafiyar dabbobi a Vom kusa da Jos, wurin da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924, akwai kuma kwalejin kula da namun daji a New Bussa ta jihar Neja.

TAMBAYA: Malama muna gaisuwa daga Nijar. Mu garinmu babu gidan zu, sai in mutum ya je Yamai. Ƙanena yana son namun daji sosai, mi zai yi?
Mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Muna amsawa ɗan'uwa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. In Allah Ya kai shi Yamai ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, akwai sashen dabbobi a ciki. Amma ku ai kuna da abin da ya fi keji. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma da suka rage a duniya a Nijar suke, a yankin Kure, a 1996 guda 49 kacal suka rage, da aka tsaya musu yanzu sun haura 600, kuma a 2018 an ɗebi takwas an kai gandun Gadabeji da ke cikin jiharku. Sai dai zancen tsaro, tun harin da aka kai Kure a Agustan 2020 ba wurin da yaro zai tafi da kansa ba ne, duk wata ziyara ta bi ta hannun ma'aikatan gandun daji da makaranta.

Kafin nan ya fara da tsuntsayen garinku, ba ya buƙatar izinin kowa. Ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa kowace shekara da ranar da ruwan farko ya sauka. Ya je mahauta ya ƙirga ungulu, sannan ya tambayi tsofaffin mahauta yadda suke da yawa a da. Ungulun nan da muka raina tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da masu kama ta don haɗa magani, ita ce kuwa take share mushe kafin ya zama cuta.

TAMBAYA: Malama ni ban gane wannan abu ba. Yaro ya je ya yi wa gwamnati shara kyauta, ni in biya kuɗin adaidaita, su kuma suna karɓar kuɗin tikiti? Na biyu, ni a ganina tsare dabba a keji ma zalunci ne, na je na ga wata kura duk ta rame, sai da na yi da-na-sanin zuwa. Ya za a yi in tura ɗana ya taya?
Wani uba daga Kaduna

AMSA: Alhaji maganarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, amma bari in sallami ta farkon. E, ba a biya, kuɗin mota ma daga aljihunka zai fita. Kuɗin makarantar hutu da ake kai yara ma ai daga aljihu yake fita, ni a nan nake ajiye shi. Sai dai akwai iyaka, kuma kai za ka sa ta. Kwana biyu ko uku a mako, daga safe zuwa azahar, kar ya taɓa Islamiyya. Kar a mayar da shi lebura a madadin wanda ake biya albashi, kar a sa shi ɗaukar kaya masu nauyi, kar a sa shi karɓar kuɗin tikiti don in lissafi ya ɓace shi za a fara kallo. In ya gama a ba shi takardar shaida mai hatimi. Ranar da ka ga ba ya koyon komai sai aike, ka janye shi.

Zancen zalunci kuwa, ina tare da kai rabin hanya. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa sananne ne, ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Duk wanda ya kulle dabba ya ɗauki amanar cinta da shanta da inuwarta da maganinta, in ya gaza akwai alhaki, ko mutum ne ko hukuma. Kuma gaskiya gidajen zu da yawa a ƙasar nan kejinsu na tun shekarun 1970 ne, siminti da ƙarfe, an gina su don mutum ya gani da kyau, ba a yi tunanin jin daɗin dabbar ba. Abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 har yanzu yana ci min rai, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye gidan zu na Sanda Kyarimi, hukumomin wurin suka ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu, kadoji da macizai kuma ruwa ya kwashe su zuwa cikin unguwanni. Dabbar da ke daji tana iya gudu ta hau tudu, wadda ke kulle sai abin da aka yi mata.

Inda na rabu da kai shi ne, kurar nan da ka gani tana nan ko ka tura ɗanka ko ba ka tura ba. Dabbar da ta girma a keji ba a iya buɗe mata ƙofa a ce tafi daji, ba ta iya farauta ba kuma ta saba da mutane, ko yunwa ta kashe ta ko a harbe ta a bakin ƙauye. Abin da ya rage shi ne a samu masu damuwa da ita. Yaron da ya hana a jefe ta ya rage mata wahala a ranar. Yaran da suka tara kwalaye, da izinin mai kula, aka ɓoye gyaɗa a ciki aka ba birai su wuni suna ɓarkewa suna nema maimakon zaman ƙunci, sun yi wani abu, manyan gidajen zu na duniya kullum suna yi wa dabbobinsu irin wannan dabarar. An tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko akwai lada a kyautata wa dabbobi, ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Sannan kai ma da ka ga kurar kana da abin yi, ka rubuta wa hukumar wurin da sunanka ka faɗi abin da ka gani da ranar da ka gani, takardar babba tana da nauyin da ta yaro ba ta da shi.

TAMBAYA: Malama ni malamin kimiyya ne a wata sakandare ta gwamnati, ina so in kafa kulob na masu son namun daji amma ba mu da ko sisi. Ta ina zan fara?
Malami daga Bauci

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, kai ne irin mutumin da duk masu tambayoyin sama suke nema. Kar ka fara da yara hamsin, ka zaɓi goma sha biyu waɗanda ka san za su zo, maza da mata, ka samu malama ɗaya ta tsaya wa matan. Zangon farko ku yi shi a harabar makaranta, ku lissafa tsuntsaye da bishiyoyin da ke ciki da sunayensu na Hausa, kowane yaro ya tambayo kakansa sunan da ya sani. In kun tara wannan a littafi, shi za ka haɗa da wasiƙarka in za ka nemi izinin ziyara, don wanda zai sa hannu ya ga da gaske kuke.

Ku a Bauci Allah Ya ba ku Yankari da giwayenta da ruwan ɗumi na Wikki, ga gandun Sumu, Jos ma ba nisa, akwai gidan namun daji da aka kafa a 1972 da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum. Ka nemi rangwamen ɗalibai a rubuce tun da wuri, kuɗin mota kuma ka kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai. Ranar 3 ga Maris ita ce ranar namun daji ta duniya, 5 ga Yuni kuma ranar muhalli, hukumomi sun fi sauraron irin wannan buƙata in an ɗaura ta a kan waɗannan ranakun, don haka wasiƙar Maris ta fita tun Janairu.